Sauya sarƙa da sifiroket: daga 15/43 zuwa 15/46

Asabar, 1 ga Maris

Sarƙar babur ɗin ta gama aikinta. Na kama ta ta bayan sifiroket na baya, wato zagayayyen ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, na jawo, ta ɗago har na hango fiye da rabin haƙori a ƙarƙashinta. Mai lafiya ba ta ɗagowa haka, manne take da haƙoran. Na cire murfin sifiroket na gaba, na tarar haƙoransa sun sirance, sun lanƙwashe gefe guda kamar lauje.

Don in tabbatar na ɗauko tef. Sarƙar 520 ce, tazarar da ke tsakanin fin da fin, wato 'yan sandunan ƙarfen da ke haɗa gaɓoɓinta, milimita 15.875, saboda haka gaɓa 20 na sabuwa milimita 317.5 ne. Littafin babur ɗin ya sa iyaka a 323, tawa ta wuce, a wani ɓangaren ma ta fi wani wucewa. Wannan ƙarin tsawo daga cinyewar fin da bush, ɗan bututun da fin ke juyawa a ciki, yake zuwa, kowace gaɓa ta saki kaɗan, a tara su a sami tsawon da ba ya zama daidai a kan haƙora. Daga nan sarƙa ta fara hawa saman haƙori tana cinsa.

Tunda ba makawa sai an sauya, na ga dama ta samu ta gyara abin da ya daɗe yana damuna, wato nauyin tashi. Babur ne mai silinda biyu da giya shida. A doguwar hanya ba shi da laifi, amma daga tsaye zuwa giya ta uku jan jiki yake yi, kuma idan ina giya ta shida na zo wuce babbar mota sai na sauko giya biyu kafin ya amsa. Sarƙa da sifiroket biyun duk za su tafi tare. Ɗora sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora tufka da warwara ce, cikin ɗan lokaci za su mayar da ita irinsu.

Talata, 4 ga Maris

Yau lissafi ne kawai, ban taɓa sifana ba.

Ana raba haƙoran baya da na gaba. Abin da kamfani ya sa shi ne 15 a gaba, 43 a baya, wato 2.87: sifiroket na gaba zai juya sau 2.87 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan lambar nan ta ƙaru, inji ya fi samun sauƙin juya taya, babur ya fi saurin tashi. Ga abubuwan da na jera a takarda. 15/45 ya ba da 3.00, ƙarin kusan kashi 5 cikin ɗari. 15/46 ya ba da 3.07, ƙarin kashi 7. 14/43 ma 3.07 ne, kusan ɗaya suke, abin da ya sa ake cewa rage haƙori ɗaya a gaba daidai yake da ƙara uku a baya. Sai 14/45, wanda ya ba da 3.21, ƙarin kashi 12.

Ina so in rubuta wannan a fili tun yanzu, don kada daga baya zumuɗi ya rufe mini ido: wannan aiki ba zai ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan ba. Musaya ce. Zan sami ƙarin kashi 7 na ƙarfin juyi a tayar baya a kowace giya, in biya da kashi 7 na gudun da kowace giya ke iya kaiwa. A gudun da inji ke juyi 5,000 a minti, zai koma 5,350. Wanda ya yarda da wannan cinikin zai ji daɗin sakamakon, wanda kuma ya zaci sabon inji zai samu, zai yi takaici.

Na jingine 14/45. Kashi 12 ya yi yawa ga babur ɗin da ake hawa doguwar hanya da shi, giya ta ɗaya za ta ƙare kafin ka ɗora ƙafa a mataki, ta shida kuma ta koma ihu. Ya rage 14/43 da 15/46.

Mutane da yawa 14 a gaba suke zaɓa, kuma na fahimci dalili: ƙaramin ƙarfe ɗaya za ka sauya, tsawon sarƙa bai canza ba. Amma ni ban so shi ba. Idan sifiroket na gaba ya ƙanƙanta, kowace gaɓa sai ta lanƙwasa da yawa kafin ta zagaye shi, haƙoran da ke ɗaukar nauyi sun ragu, kowane haƙori kuma ya fi yawan haɗuwa da sarƙa. Ga shi sarƙar za ta matso kusa da robar da ke kan hannun tayar baya, ƙarfen da ke haɗa tayar da jikin babur, ta riƙa gogarta. Babu ɗaya daga ciki da ya kai bala'i a haƙori 14, ana amfani da shi lafiya, sai dai tunda sabuwar sarƙa zan saya ko ta yaya, zan iya yanka ta a tsawon da nake so, babu abin da zai hana ni bin hanyar da ta fi sauƙi ga ƙarfen. 15/46 ke nan.

Sai batun tsawo. Kowane haƙori da aka ƙara a baya yana cin rabin gaɓa, wanda ke jawo shaf ɗin taya gaba da kusan milimita 4 a sarƙar 520. Haƙora uku, milimita 12. Idan na bar sarƙar a gaɓa 110 kamar ta asali, taya za ta matso gaba har kusan ƙarshen ramin daidaitawa, tazarar tayoyin biyu ta ragu, gaban babur ya ƙara saurin ɗagawa. Ana ƙara gaɓa bibbiyu ne, ba ɗaiɗai ba, kuma biyu suna mayar da taya baya da kusan milimita 16. Da 112 ke nan taya za ta zauna milimita 4 bayan inda kamfani ya ajiye ta. Ya yi mini.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi odar kaya. Sifiroket biyun na ƙarfe ne. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi kyan gani, amma ya fi saurin cinyewa, na masu tsere ne da ke sauyawa a kai a kai. Na gaba na nemi mai roba a gefe irin na asali, domin robar nan tana rage ƙarar sarƙa.

Sarƙa na ɗauki mai zoben roba, gaɓa 120, in rage ta da kaina. Zoben yana tsakanin faranti na ciki da na waje, shi ke riƙe giris ɗin da aka cusa tsakanin fin da bush tun daga masana'anta, daidai inda cinyewa ke faruwa kuma inda man da muke fesawa ba ya isa. Akwai mai zobe zagayayye da ake rubuta O-ring a kwalinta, akwai X-ring, wanda yankansa ke da leɓe biyu a kowane gefe, ya fi riƙe giris kuma bai kai na farkon gogayya ba. X-ring na zaɓa. Kamfanonin Japan irin su DID da RK da EK duk suna yin masu zobe, haka Regina ta Italiya. Abin lura a kwali shi ne girman injin da aka yi sarƙar dominsa, domin ba duk 520 ce ke da ƙarfi ɗaya ba.

Lambar nan ma ba ado ba ce. 5 na farko tazarar fin ce, 5/8 na inci. 20 kuma faɗin ciki ne, rubu'in inci, milimita 6.35. 525 da 530 tazararsu ɗaya da ita, faɗi suka fi ta. Dole sarƙa da sifiroket biyun su zama lamba ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris

Kaya sun iso. Kafin in kwance komai na kifa sabon sifiroket na baya a jikin tsohon, ramukan kusoshi da ramin tsakiya duk sun hau.

Notin sifiroket na gaba shi ne abu na farko, tun sarƙa tana kai, taya tana ƙasa. Wanda ya fara yanke sarƙa ya rasa abin da zai riƙe masa shaf, sai ya koma dogaro da giya, nauyin kwancewar duk ya sauka a kan haƙoran cikin akwatin giya. Na buɗe leɓen washar da aka lanƙwasa a kan notin, na sa soket da dogon hannu, na kira ƙanena ya hau babur ɗin.

"Yaya, in taka birkin yanzu?"

"Taka da ƙarfi, ka riƙe na gaba ma. Kada ka saki sai na ce."

Notin ya yi gardama, na ƙara bututu a hannun soket, na jingina nauyina a hankali ba tare da fizga ba, ya yi ƙara ɗaya ya saki. Tun yana kai na sassauta notocin sifiroket na baya su ma, da na shaf ɗin taya, sannan muka ɗaga bayan babur a jak.

Tsohuwar sarƙar ba ta da mahaɗi, a rufe ta zo daga masana'anta. Na zaɓi gaɓa ɗaya a kan sifiroket na baya, inda ba za ta motsa ba, na gurje kan fin da giranda har ya yi daidai da faranti, sannan na tura shi da na'urar yanka sarƙa. Ana iya turawa ba a gurje ba, amma tsinken na'urar siriri ne, nan yake karyewa.

Abin da na gani a bayan murfin gaba ya isa a tsaya a kansa. Tsohon mai da ƙura da yashi sun haɗu sun zama baƙin kwaɓi mai kauri, ya cika lungu har sarƙa ta haƙa wa kanta hanya a ciki. Duk juyin da ta yi sai ta ɗebi yashin nan ta kai wa haƙora. Na kankare da katako, ba da sukudireba ba, don akwai robar da ke tare bakin mai a jikin shaf, kuma ƙarzane ɗaya ya isa ya sa ta yoyo. Na wanke da kananzir da tsohon buroshi. Robar a bushe take, tsagogin shaf ɗin da sifiroket ke hawa ba su cinye ba. Alhamdu lillahi. Robar kan hannun taya tana da layi biyu da sarƙa ta yi mata, amma da sauran kauri sosai.

Da na cire taya, faifan da ke ɗauke da sifiroket ya faɗo da kansa ba tare da na ja shi ba. Bai kamata ba. Robobin da ke tsakaninsa da cibiyar taya, waɗanda ke shanye fizgar inji, sun taurare sun motse, har ɗaya ta tsage. Da sababbi, faifan sai an danna yake shiga. Boris ɗinsa dai lafiya lau, yana juyawa sumul ba ƙara.

Lahadi, 16 ga Maris

Aiki ya tsaya sai robobin sun zo. Ba zan mayar da tsofaffin ba. Gajeriyar giya, irin wadda ƙarin haƙoran baya ke bayarwa, tana ƙara fito da kowace fizga idan an buɗe totur ko an rufe, kuma da wannan sakin da na gani babur ɗin zai riƙa dukan sabuwar sarƙa tun ranar farko. Na haɗa da sabuwar washar notin gaba, ita ma ba a maimaita ta.

Asabar, 22 ga Maris

Haɗawa. Sifiroket na baya ya hau, na ɗaure notocinsa ɗaya nan ɗaya can a gicciye, da sifana mai awon ɗauri, a lambar da littafi ya bayar. Na gaba yana da tudu a gefe ɗaya, na kwatanta da tsohon na sa shi ta fuskar da ta dace, domin idan aka juya shi layin sarƙa ya karkace ke nan tun daga tushe. Notinsa na bar shi da ɗaurin hannu sai sarƙa ta hau.

Ban yarda da lissafin takarda kaɗai ba wajen yanka. Na tura taya gaba, na zagaya sarƙar duka 120 a kan haƙora, na haɗa bakin biyu a saman sifiroket na baya, na ga inda suka haɗu, na ƙirga, na sake ƙirgawa, 112 ne har da mahaɗi. Na sa alama da fenti kafin in taɓa giranda. Sarƙar da ta yi tsawo ana rage ta, wadda aka gajarta kuwa sai sayen wata. Kuma dole bakin biyu duk su ƙare a gaɓar ciki, don mahaɗin shi ne gaɓar waje.

Mahaɗi iri biyu ne, mai kilif da wanda ake buɗa kan fin ɗinsa ya zauna dindindin. Mai kilif ya fi sauƙi, kuma a ƙananan babura yana aiki, muddin rufaffen bakin kilif ɗin yana fuskantar inda sarƙa ke tafiya. A babur mai wannan ƙarfi na dindindin na sa, kuma a nan na fi ɓata lokaci a duk aikin.

Na shafe fin biyun da giris ɗin da ya zo a ƙaramar leda, na sa zobe biyu, na zura daga ciki, na sa sauran zobe biyun, na ɗora faranti. Farantin ba ya shiga da hannu, da na'ura ake matsa shi. Nan ne ake ɓata sarƙa. Idan aka matsa ya wuce, an murƙushe zoben, gaɓar ta sandare, kuma babu komawa baya. Da kalifa, ma'aunin kauri, na auna faɗin gaɓar da ke kusa, na riƙa matsawa rubu'in juyi, in kwance na'ura, in auna, in mayar, har faɗin ya zo ɗaya da na maƙwabciyarta. Sannan na sauya kan na'urar na buɗa bakin fin. Takardar da ke cikin kwali ta faɗi faɗin da kan fin zai kai, kuma bambancin kafin da bayan bai kai milimita ɗaya ba, ido ba zai iya yanke hukunci ba sai kalifa. Da na gama na haska fitila na duba: bakin ya buɗe daidai ta kowane gefe, ba tsagewa. Na lanƙwasa gaɓar da yatsa, tana motsi daidai da sauran.

Ƙanena ya sake taka birki, na ɗaure notin gaba a awonsa, na lanƙwasa leɓen sabuwar washa a kansa.

Sai sakin sarƙa. Littafina ya ce milimita 25 zuwa 35, a tsakiyar layin ƙasa, kuma ya faɗi yadda babur zai tsaya yayin awon. Kowane babur da nasa, ba a aron lambar wani. Dalilin sakin shi ne hannun taya yana hawa da sauka, kuma lokacin da shaf ɗin gaba da madogarar hannun da shaf ɗin taya suka zo layi ɗaya, nan ne tazara ta fi tsawo. Sarƙar da aka ɗaure tam a tsaye, idan mutum ya hau ya faɗa rami, ba ta da inda za ta samo ƙari, sai ta ja shaf ɗin akwatin giya da boris ɗinsa. Gara ta ɗan fi saki da ta fi ɗauri. Na juya taya na nemo inda ta fi tsauri, a nan na auna, na tsaya a 30.

Layukan da aka zana a jikin hannun taya na bi da farko, amma ban tsaya a kansu ba. Na auna daga tsakiyar madogara zuwa tsakiyar shaf, hagu da dama, sannan na tsuguna ta baya na kalli sarƙar ta miƙe zuwa gaba, haƙora suna tsakiyar gaɓa ba su jingina da gefe ba. Na cusa tsumma tsakanin sarƙa da sifiroket na juya taya kaɗan don ta matsu da kusoshin daidaitawa, na ɗaure shaf. Ɗaurin ya cinye kusan milimita 3 na sakin, ya koma 27, yana cikin iyaka. Murfin sarƙa na sama bai taɓa sabon sifiroket ba duk da ya fi girma. Kafin in sauke jak na taka birkin baya har ya cika.

Lahadi, 23 ga Maris

Ya amsa. Tun sakin kuloci na farko na ji bambanci, babur ɗin yana tashi ba sai na ba shi wuta da yawa ba, tafiya a hankali cikin cunkoso ta fi sauƙi. Giya ta biyu da ta uku su ne suka fi canzawa. Kwanar da da nake shiga da ta biyu inji yana ihu, ko ta uku yana tari, yanzu ta uku ta zauna mata daidai. Fizgar nan ta buɗe totur da rufewa ta ɓace, wannan kuma aikin sababbin robobi ne da sarƙar da ba ta da saki barkatai, ba na haƙora uku ba. Yana da kyau in raba su, domin wani ɓangare na daɗin da ake ji bayan irin wannan aiki na sabuntar kaya ne kawai.

Birkin inji ma ya ƙaru. Idan na rufe totur a ƙaramar giya babur ɗin ya fi saurin ja baya, dole hannu ya koyi sassauci.

Asabar, 29 ga Maris

Babbar hanya. A giya ta shida, daga 80 zuwa 120, yanzu yana ja ba sai na sauko ba, ko in sauko ɗaya idan ina son gamawa da wuri. Abin da na nema ke nan.

Farashin kuma ya bayyana inda lissafi ya ce zai bayyana. Allurar juyin inji tana sama da inda na saba ganinta da kusan 350, akwai ɗan kaɗawa a matakai da madubi wanda da sai na ƙara gudu nake jinsa. Ƙafata ta nemi giya ta bakwai. Ba abin da zai hana tafiya ba ne, amma na gode da ban ɗauki 14/45 ba.

Agogon gudu ya daina faɗin gaskiya. A wannan babur na'urar da ke ƙirga gudu tana karantawa ne daga akwatin giya, ba ta san an sauya haƙora ba. Na gwada da GPS na waya: kuskuren ya ƙaru da kashi 7 ɗin nan, a kan ɗan ƙarin da agogon ke nunawa tun asali. Ƙirgar kilomita ma haka, tana gudu fiye da tafiyar gaske, wanda zai rikita lokacin juyen mai da lissafin shan fetur. Baburan da ke karantawa daga tayar gaba ko daga zoben birkin ABS ba su da wannan matsala. Akwai ƙaramar na'ura da ake jonawa tsakanin wayoyin, a shigar mata da kason gyara. Na yi odarta.

Ƙarshen gudu ban gwada ba kuma ba zan gwada a hanyar jama'a ba. A takarda ya ragu da kashi 7, sai dai babura da yawa da ma ba sa kai jan layin agogon juyin inji a giya ta ƙarshe saboda iska ta fi ƙarfin inji, don haka ragin gaske yakan gaza na takarda.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na sake auna saki, ya tafi 34, sabuwar sarƙa takan ɗan zauna a farkon amfani. Na mayar da shi 30. Kan fin na mahaɗi bai motsa ba, fentin da na ɗiga a notocin baya yana nan a layi. Na leƙa gefen haƙora da fitila, ƙyallin gogayya iri ɗaya ne ciki da waje, alamar layin ya miƙe.

Mai ina fesawa ne bayan tafiya, sarƙa da ɗumi, ta cikin layin ƙasa, ina juya taya da hannu, in bar shi ya kama sannan in goge rarar. Inji a kashe. Mutane sun rasa yatsu wajen goge sarƙa da tsumma babur yana giya a kan jak, sifiroket ba ya sakin abin da ya kama. Wanki kuma kananzir, ba fetur ba, fetur yana lalata zoben roba.

Shan mai a cikin gari ban ga ya canza ba, a doguwar hanya ya ɗan ƙaru. Ba zan rubuta lamba ba tukuna, tunda ƙirgar kilomitar da zan raba da ita ba daidai take ba. Na'urar gyaran agogo tana hanya. Idan ta zo zan saita ta da GPS a gudu biyu ko uku mabambanta, daga nan in fara lissafin fetur daga cikakken tanki.